Fentin Jirgin Faiba: A Daina Yi Wa Jama'a Kitso Da Ƙwarƙwata

Tun bayan hatsarin jirgin ruwan da ya auku kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, cikin watan Mayun 2021, da wanda ya biyo baya a yankin Patigi na jihar Kwara a watan Yunin 2023, inda 'yan biki sama da ɗari suka riga mu gidan gaskiya, magana ɗaya ce ke yawan fitowa daga bakin hukumomi: a rage dogaro da jiragen katako, a koma na faiba. Ministan harkokin ruwa, Adegboyega Oyetola, shi ma ya yi wa gwamnatocin jihohi irin wannan kira. Ba ni da ja a kan haka. Jirgin faiba ba shi da nauyi, ba ya ruɓewa irin ta katako, ba ya tsatsa irin ta ƙarfe. Damuwata tana kan abin da ke biyo baya, bayan an yi bikin miƙa jirage, an ɗauki hotuna, manya sun hau motocinsu, an bar jirgi da matuƙinsa da rana da ruwa. Kafin a ankara launi ya koɗe, duwatsun gaɓa sun kankare ƙasansa, sai a ce a kira mai fenti. A wannan gaɓar ce ake tafka ɓarnar da ido ba ya gani.

Ni a gidan masu fentin mota na tashi, kuma harkokina suna yawan kai ni bakin ruwa tsakanin Yauri da Sabuwar Bussa. Abin da na tsaya a kai shi ne: shafa fentin kansa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin aikin. Wanki, busarwa, gyaran tsaga, guga da samfefa da shimfiɗa faraima, su ne aikin. Duk wanda ya biya kuɗin fentin jirgi bai ga jikin jirgin ba kafin a rufe shi, ƙyalli ya saya, ba gyara ba.

Sai an san yadda ake ƙera jirgin kafin a gane dalili. Zaren gilashi ne siriri ake shimfiɗawa hawa-hawa a cikin mazubi, ana jiƙa shi da wani ruwan ƙaro na roba da ake kira rezin, idan ya daskare ya zama jikin jirgi. Kafin a fara wannan, sai an shafe cikin mazubin da kaki domin kada jirgin ya manne lokacin cire shi. Bayan kakin ne ake fesa jelkot, wato fatar nan ta waje mai santsi da launi, wadda kaurinta bai wuce rabin milimita da ɗoriya ba. Abu biyu ke fitowa daga nan. Na farko, katako yana shan fenti, faiba kuwa ba ya sha; fenti ba shi da abin kamawa a jikinsa sai 'yan ƙananan kwarzanen da samfefa ta bari. Na biyu, ragowar kakin nan yana iya zama a jikin jirgi tsawon lokaci, ga man inji da maiƙon kifi da ke ƙaruwa a kai kullum. Fenti ba ya zama a kan maiƙo, ko da kuwa daga wace ƙasa aka kawo gwangwanin.

Saboda haka aikin farko wanki ne, ba guga ba. A nan ne ƙwararrun masu fentin mota da yawa ke zamewa, domin hannunsu ya saba ɗaukar samfefa da zarar an kawo aiki. Idan ka goga samfefa a kan kaki, ba cire shi ka yi ba, cusa shi ka yi cikin kwarzanen da kake son fenti ya kama. Sai a fara da ruwa da sabulu da buroshi, a kankare gansakuka da laka, a ɗauraye. Sannan a bi da sinadarin cire kaki da maiƙo, da tsumma biyu: ɗaya jiƙaƙƙe a hannun dama, ɗaya busasshe a hagu. Ka shafa da jiƙaƙƙen, ka bi da busasshen tun wurin bai bushe ba, kana sauya tsumma a kai a kai. Mai tsumma ɗaya yawo kawai yake yi da datti daga goshin jirgi zuwa bayansa. Gwajin kuma ba ya cin ko kwabo: watsa ruwa a jikin jirgin. Idan ruwan ya shimfiɗu ya gangaro bai ɗaya, wuri ya yi tsabta. Idan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, da sauran maiƙo, a sake wankewa. Fetur da kananzir ba su cikin wannan lissafi, maiƙo suke bari, ga haɗarin gobara.

Bayan wanki sai bincike, kuma wannan ne ya fi damuna. Na taɓa tsayawa a wata gaɓa ina kallon wani dattijon mai gyara da yaronsa, an kifa musu jirgi a kan tsofaffin tayoyi. Dattijon bai taɓa gwangwanin fenti ba. Ƙaramar guduma ya ɗauka yana bin jikin jirgin da ita a hankali, kunnensa a karkace. Inda faiba ke da lafiya sai ka ji ƙas-ƙas, sauti mai kaifi. Da ya zo kusa da inda ake ɗaura inji sai sautin ya koma dum-dum. Ya zana da'ira da alli a wurin, ya ce hawan faiban ya rabu da juna a ciki. Can ƙasa kuma akwai wasu ƙuraje kamar girman ƙwayar gyaɗa, ya sa bakin ƙusa ya huda ɗaya yana kau da fuska, wani ruwa mai duhu ya tsarto, warinsa tsami-tsami.

Mai jirgin yana tsaye, ya ƙosa. Ya ce, "Baba, ni fa fenti na kawo, jibi kasuwa."

Dattijon ya ce, "Alhaji, in fenti kake so yaron nan ma zai shafa maka kafin la'asar. Amma ba da hannuna za a rufe wannan ba. Mutane za ka ɗauka a ciki."

Waɗannan ƙuraje ba sabon abu ba ne ga masu jiragen faiba a duniya; tun shekarun 1970 da 1980 suka zama abin magana a Amurka da Turai. Jelkot ba ya hana ruwa ɗari bisa ɗari. Jirgin da ya daɗe a cikin ruwa, laima tana ratsa fatarsa kaɗan-kaɗan, ta tarar da 'yan guraben iska da ragowar sinadaran da ke narkewa a ruwa, ta haɗu da su ta zama ruwa mai tsami. Shi kuma wannan ruwan sai ya yi ta jawo wani ruwan daga waje har wurin ya kumbura. Maganinsa a buɗe kowane ƙurji, a wanke shi da ruwa mai tsabta sau da yawa, a bar jirgin a tudu ya bushe. Bushewar nan ba ta yini ɗaya ba ce, tana iya cin makonni, wani lokaci watanni. Wanda ba shi da na'urar auna laima yana iya yanko farar leda, ya manna ta a jikin jirgin, ya liƙe gefunanta huɗu da salatif, ya bar ta ta kwana. In da safe ya ga gumi a cikin ledar, jirgi bai bushe ba. Duk abin da aka shafa a kan jiƙaƙƙen faiba rufe ruwa aka yi a ciki, kuma zai nemi hanyar fita.

Tsaga ma iri biyu ce. Akwai siririya da ta tsaya a fata, wadda za a ɗan buɗe bakinta a cike. Akwai wadda ta shiga cikin zaren, galibi a inda jirgi ya daki kututture ko dutse, ko a bangon baya da ke ɗauke da nauyin inji. Wannan ba ta cikawa ba ce. Sai an goge gefenta an yi mata gangare mai faɗi, kimanin ninki 12 na kaurin jikin jirgin, a sake jera sabon zare da rezin hawa-hawa har ya cika. Abin takaici, abin da ake yawan gani shi ne a ɗebo filar mota a cusa, a goge, a rufe da fenti. Filar mota an yi ta ne domin lotsewar ƙarfen da ke yawo a kan titi. Tana shan ruwa, kuma ba ta ƙara wa jirgi ƙarfi ko kaɗan. A ƙasan layin ruwa, filar ifokzi ce ta dace, wato dangin gam ɗin nan na Araldite da ake haɗa kashi biyu kafin ya daskare. A kuma riƙe ƙa'ida ɗaya: ifokzi yana kama tsohon rezin da kyau, amma rezin na gama-gari ba ya kama ifokzi yadda ya kamata.

Sai guga. Manufarta a kashe ƙyallin jelkot gaba ɗaya, ba a cinye shi ba. Lambar da ke bayan samfefa tana da ma'ana: ƙaramar lamba kaushi, babbar lamba laushi. Ƙasan jirgin da za a yi wa shimfiɗar ifokzi, lamba 80 ake yawan amfani da ita domin ta bar haƙoran kamawa. Gefen sama, daga 120 zuwa 220 kafin faraima, sannan 320 ko sama da haka a kan faraimar kafin fentin ƙarshe. Inda duk ka hango ɗan ƙyalli ya rage, can fenti zai fara ɓarewa, kuma yawanci a lunguna ne da ƙarƙashin leɓen jirgi, inda hannu ke ƙyuyar shiga. Wanda kuma ya danna inji har zaren gilashi ya bayyana, ya buɗe wa ruwa ƙofa, dole ya rufe wurin da ifokzi. In akwai tsohon fenti a jiki, a gwada shi tukuna: a jiƙa tsumma da tinar sabon fentin, a ɗora a wani lungu na 'yan mintoci. Idan tsohon ya yi laushi ko ya yamutse, sabon zai tayar da shi, sai dai a kankare shi duka.

Yanzu ga faraimar kanta, wadda mutane da yawa ke ɗauka ɓarnar kuɗi ce tunda ba a ganinta. Aiki uku take yi. Tana kama faiba a ƙasa ta kama fenti a sama, tana toshe 'yan ƙananan ramukan da tsohon jelkot ke da su, a ƙasan layin ruwa kuma ita ce katangar da ke tare laima. Domin wannan aiki na uku, shafa ɗaya ba ta isa. Kamfanoni da yawa suna neman kaurin da ya kai kwatan milimita bayan bushewa, abin da ke ɗaukar shafa huɗu ko biyar da rola. Haɗin kuma awo ne, ba ƙiyasi ba. In an rubuta kashi uku da ɗaya, to uku da ɗaya ne. Mai ƙara ruwan daskarwa wai don ya bushe da wuri, lalata haɗin ya yi. Akwai tazarar lokaci da aka ƙayyade tsakanin shafa da shafa. In an wuce ta, sai an sake guga kafin a ɗora ta gaba. Wani ifokzin kuma yakan fitar da wani maiƙo-maiƙo a sama idan ya daskare cikin laima, wanda ruwa da soso ne ke cire shi, ba tina ba. Duk waɗannan suna rubuce a jikin gwangwani ko a takardar bayanin da ke tare da shi. Matsalar ita ce da Turanci aka rubuta, ga ƙananan haruffa, ga shi sau da yawa an juye kayan cikin gorar ruwa an sayar ba tare da wata takarda ba.

Fentin sama da na ƙasa ma ba ɗaya ba ne. Mai ƙyallin nan na gefen jirgi ba a yi shi don ya zauna cikin ruwa dare da rana ba, zai yi ƙuraje. Na ƙasa kuma da ke hana halittun ruwa mannewa, galibinsa guba ce mai jan ƙarfe a ciki. Wani tsohon nau'insa mai sinadarin TBT har yarjejeniyar duniya aka yi a kansa, haramcin ya kankama a 2008. Jirgin kogi da ake yawan ja zuwa tudu bai cika buƙatar irin wannan ba. Babu dalilin zuba guba a ruwan da jama'a ke sha, suke kama kifi a ciki, don kawai an ga masu jiragen teku a Legas suna shafawa.

Yanayinmu yana da nasa hukunci. Hunturu alheri ne wajen busar da jirgi, domin iskarsa ba ta da laima, amma ƙurarsa abokiyar gabar ɗanyen fenti ce. Mai hankali zai fitar da jirgi ya buɗe ƙurajensa a farkon hunturu, ya bar iska ta yi masa aiki, ranar shafa kuma ya yi rumfa, ya yayyafa ruwa a ƙasa, ya gama kafin iska ta taso. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a ƙasar Yauri, ifokzin da aka haɗa yana iya daskarewa a cikin kwano tun ba a kai rabin jirgi ba, domin kusan duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin aikinsa da rabi. Sai a riƙa haɗa kaɗan-kaɗan, a inuwa. Da damina kuwa raɓa ce matsala. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce jikin jirgi ya fi ma'aunin saukar raɓa zafi da aƙalla digiri 3, laimar iska kuma kada ta wuce kashi 85 cikin 100. A aikace, kada a shafa da sassafe jirgi na sanyi, kada a shafa dab da magariba.

Na san abin da mai jirgi zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Duk ranar da jirgi ya kwana a tudu, ranar ba kuɗin cefane. Faraimar kirki daga waje ake shigo da ita, farashinta yana bin dala. Ga mai fenti a gefe yana cewa zai yi da rabin kuɗi cikin yini biyu. Amma a yi lissafin har ƙarshe. Fentin da aka ɗora a kan maiƙo ba ya cika ganin damina ta biyu, kuma ranar da za a sake, sai an biya kuɗin kankare na farkon kafin a fara sabon aiki. An biya sau biyu, an ajiye jirgi sau biyu. Sauri ya haifi nawa. Mafita ita ce masu jirage a kowace tasha su tsara fita gyara bi da bi a lokacin da aiki ya yi sauƙi, su haɗa kuɗi su sayi kaya a rufaffen gwangwani, maimakon kowa ya je ya auno abin da bai san asalinsa ba.

Wani kuma zai ce ai ba fenti ke kifar da jirgi ba. Haka ne. Lodi fiye da kima, tafiyar dare, rashin rigar kariya da kututturan da ke kwance a ƙarƙashin tafkin Kainji tun da aka kammala madatsar a 1968, su ne manyan masu kisa, kuma ba na son kowa ya karkatar da hankali daga kansu. Amma lokacin share fagen fenti shi ne kaɗai lokacin da ake kifa jirgi, a wanke shi tas, a bi shi taku-taku da ido da kunne. In an tsallake wannan, an tsallake binciken lafiyar jirgin ke nan. Mafi muni, sabon fenti yana ɓoye tsagar da jiya kowa ke gani. Matar da ta biya kuɗin mota ta zo gaɓa da goyo da kayan kasuwa, ƙyallin take dubawa ta ce wannan sabo ne, shi za ta shiga.

Kada kuma a manta da yaran da ke wannan guga. Ƙurar faiba da ta tsohon fenti tana shiga huhu, tana sa ƙaiƙayin jiki. Fentin kashi biyu da ake fesawa yana ɗauke da sinadarin da ke iya jawo asma ta dindindin. Ɗaura hankici a hanci ba kariya ba ce, shan madara bayan aiki ma ba magani ba ne. Maigidan da ya iya sayen injin fesa ya iya sayen takunkumi mai matata da tabarau da safar hannu. In babu kayan kariyar da suka dace da feshi, a yi da rola da buroshi.

Ga abin da nake nema. Gwamnatin da ta sayi jiragen faiba ta ware kuɗin kula da su tun ranar saye. Duk kwangilar gyara a raba biyanta gida biyu, kada a saki kashi na biyu sai jami'i da wakilin matuƙa sun ga jirgin a goge, an gyara tsagoginsa, kafin faraima ta hau. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedkwata a Lakwaja, ta sa wannan dubawa cikin sharuɗɗan sabunta izinin jiragen haya. Kwalejojin kimiyyar kamun kifi na tarayya da ke Sabuwar Bussa da Baga, tare da hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da ke Kaduna, su shirya gajerun kwasa-kwasai da Hausa da Nufanci domin masu sassaƙa jiragen katako da masu fentin mota, tunda su ne aikin zai faɗa hannunsu ko an koya musu ko ba a koya ba. Masu shigo da kaya su buga bayanin haɗi da lokacin bushewa cikin harshen da masu aikin ke karantawa. Sarakunan ruwa da shugabannin ƙungiyoyin matuƙa kuma suna da ikon da ya fi na kowace takarda: su hana lodi a jirgin da aka rufe wa tsaga da fila.

Kai kuma mai jirgi, ranar da za ka je duba aiki ba ranar da aka gama fenti ba ce. Je ka ranar da jirgin ke kife, fari fat da ƙurar samfefa. Watsa masa ruwa ka ga yadda zai gangaro, ƙwanƙwasa shi ka saurara, ka nemi a nuna maka gwangwanin faraimar da awon da aka haɗa ta. Mai gyaran da ya ƙi ka ga wannan, ɗauke jirginka ka kai wa wani.